Baƙon da Aka Manna wa Gwaggo a Ƙirji

Gwaggona, ƙanwar babana, labule take ɗinkawa tun kafin a haife ni. Shagonta yana saman bene a layin masu kayan ɗaki, ɗaki ɗaya mai taga biyu. Duk yadin da aka kawo sai ta rataye shi a taga ta ga yadda rana ke ratsa shi kafin ta sa masa almakashi, don haka shagon ba shi da launi ɗaya. Yau ka same shi kore, gobe ruwan zuma, ita kuma tana bakin keken ɗinki da allurai a leɓe, tana zazzaga wa wani masifa ta gefen baki. Gwaggo akwai faɗa. Da wannan keken ta riƙe ɗanta tilo bayan rasuwar mijinta, har ya zama magidanci.

Sai ta fara faɗuwa. Tana zaune lafiya lau sai a ga ta sulale, kafin a ɗebo ruwa ta buɗe ido tana murmushi. Ranar da ta fasa goshi a gefen keken, ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya ce magana ta ƙare: in likitoci ba su gano ciwon ba, zai garƙame shagon ta koma gidansa da zama.

A asibiti aka auna nan, aka auna can, ba a ga komai ba. Daga ƙarshe wata likitar zuciya, matashiya mai sanyin murya, ta ce suna bincike a kan irin ciwon da ke ɓuya idan an zo nemansa. Suna gwada wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, a manna ta a ƙirji ta yi makonni tana sauraron bugun zuciya. Gwaggo ta yarda, aka manna mata.

Daga ranar muka yi sabuwar Gwaggo. Ta san sarai zuciya kawai abin yake ji, amma tun da zai kai labarinta gaban mutane, sai ta ɗauke shi baƙo. Ta daina faɗa. Ta koma hawa bene a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mai gyaran keke ya ɓata mata aiki, ta ce masa Allah ya yi albarka, bawan Allah ya fita yana waiwaye. Muka yi ta tsokanarta cewa a bar mata baƙon nan har abada, unguwa ta huta. Abu ɗaya kawai na lura da shi ban gane ba. Da la'asar, lokacin da ta saba jingina tana kallon haske, yanzu sam ba ta zama. Sai ta tsiri shara ko ninke yadin da ta riga ta ninke.

Da muka mayar da na'urar, likita ta duba ta ce babu abin da ta kama. Yaya ya fara karkaɗa makullin mota. Likitar ta roƙe shi ya ɗan ba su wuri, ta jawo kujera kusa.

"Mama, idan kin faɗi, me kike gani?"

Gwaggo ta murza bakin mayafinta. "Wani ɗaki ne, 'yata," ta ce. "Labulensa fari, iska na kaɗa shi, kuma na duba na duba ban ga inda aka haɗa ɗinkin ba. Maigidana yana zaune ya juya baya, yana gyaran rediyonsa. Har ƙanshin sabulunsa ina ji. In na zauna shiru da yamma nake zuwa. Na san in abin nan naku ya gani, rufe min ƙofa za ku yi."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce tana zargin zuciyar ce ke ɗan tsayawa, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, kuma wata rana za ta iya tsayawa ta ƙi tashi. In sun kama ta tana yi, akwai magani, kuma Gwaggo za ta ci gaba da hawa benenta.

Aka sake manna mata baƙon. Wata yamma ta rataye yadi ruwan ɗorawa a tagogin, shagon duk ya koma kamar cikin fitila. Ta sa na shimfiɗa mata katifa kusa da kujera, ta zauna ta harɗe hannuwa. Hayaniyar titi ta yi nisa, ƙura na yawo a cikin hasken. Ina kallo idanunta suka lumshe, ta taho jikina a hankali, ba nauyi. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji kunya, kamar na leƙa ɗakin da ba nawa ba. Da ta farfaɗo ba ta yi murmushi ba.

A kwamfutar likita muka ga zanen bugun yana hawa yana sauka, sai ya miƙe ɗoɗar, sannan ya ci gaba. Suka dasa mata ɗan batir a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya, mai zaburar da zuciya duk sanda ta so tsayawa. Tun daga nan ba ta ƙara faɗuwa ba. Yaya ya bar maganar rufe shago, faɗa ya dawo sabo fil, mai gyaran keke ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta.

Har yau takan jingina da la'asar ta rufe ido, ta daɗe, ta buɗe ta gan mu. Rannan ta dafa wurin batirin, idonta ya ciko.

"Abin nan ba ya barin mutum ya je ko'ina," ta ce. "Kin san zuwana na ƙarshe, ya ajiye rediyon. Ina jin juyowa zai yi."