Shekara uku Inna tana juya Baba

Shekarar da Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, daga Gwandu aka tura mu asibiti a Kalgo. Ni da Inna muka zauna jinya. Baba ƙato ne, ita kuwa 'yar siririyar tsohuwa.

Kwana na biyu wata nas mai furfura ta zo, ta yaye masa zane, ta riƙa ɗora bayan hannunta a kafaɗarsa da diddigensa. Da ta kai ƙugu sai ta tsaya.

"Inna, taɓa nan. Kin ji ɗumi? Kin ga ya fi sauran wurin duhu?"

Inna ta ce, "Na ji, ɗiyata. In murza mai man kaɗanya?"

"A'a, kada ki murza. Nauyinsa ne ya danne wurin, jini ba ya isa. In aka bar shi haka fata za ta buɗe, gyambo ya ci har ƙashi. Juya shi za a riƙa yi, duk bayan awa biyu."

Ta lanƙwasa gwiwarsa, ta ɗora hannunsa a ƙirji, ta mirgino shi a hankali. Ta tokare bayansa da matashi, ta sa wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya daina taɓa katifa. Sannan ta shafe zanen gado da tafin hannu, ko tsakin tuwo ba ta bari ba.

Sau biyu Inna ta kalla, a na uku ta yi da kanta. Ba ta san agogo ba. Da kiran salla take aunawa, da inda rana ta kai a bango. Nakan duba wayata a ɓoye, in ga da wuya ta kuskure. Tana juya shi tana ba shi labarin gero da awaki, shi kuma yana bin ta da ido.

Bayan mun koma gida ba ta fasa ba, har shekara uku.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, dattijon da ya yi masa wanka ya fito, ya kama hannuna.

"Wa ya yi jinyar bawan Allah nan?"

Na ce, "Inna ce."

Ya ce, "Na wanke masu doguwar kwanciya da yawa. Bayan mahaifinka ko tabo babu. Je ka faɗa mata."

Na shiga ɗakinta na durƙusa, ina kallon hannuwanta, na faɗa mata abin da dattijon ya ce.