Tambayar da Gwaggo Rabi ta yi mini a bakin murhu

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko aure na yi a ɓoye, a'a. Jinya na yi, kuma Alhamdulillahi na samu lafiya.

Ina shekara goma sha bakwai abin ya fara, bayan na faɗi jarrabawar shiga jami'a. Ni da duk unguwarmu ta Ƙofar Jatau ake cewa 'yar Malam ba ta zuwa ta biyu.

Barci ya ƙaurace mini. Abinci ya daina daɗi. Na daina zuwa Islamiyya, na daina ɗaukar waya. Mama ta kai ni kemis aka ce taifot ne. Sati biyu ina shan magani, babu canji.

Sai wani tunani ya shigo, wai da babu ni da kowa ya huta. Ban gaya wa kowa ba. Na fara rabar da kayana: mayafi ga ƙawata, littattafai ga ƙanwata.

Wata Juma'a Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ta zo daga ƙauye. Ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Na miƙa mata agogona na ce ta kai wa 'yarta. Ta ƙi karɓa, ta ja hannuna ta zaunar da ni a bakin murhu.

"Maryama, na ga kina rabon kaya kamar mai shirin tafiya. Ina za ki?"

Na sunkuyar da kai.

"Dube ni. Kashe kanki kike tunanin yi?"

Na fashe da kuka. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka.

Baba nake tsoro, na ɗauka zai ce na rasa tawakkali. Da Gwaggo ta gaya masa sai ya cire tabarau, ya dube ni. Sannan ya ce, "Da ƙafarki ce ta karye ai ba haƙuri kawai zan ba ki ba. Addu'a ina yi, asibiti kuma yanzu."

Muka yanki kati, muka bi layi, aka ɗebi jini, aka auna hawan jini. Likitar ƙwaƙwalwa ta saurare ni kusan awa guda. Ta ce, "Sunansa ciwon damuwa mai tsanani. Ba aljanu ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa."

Kwana tara na yi a gado, Gwaggo na gefe a tabarma. Maganin da tsada, kuma sai da ya kusa wata kafin na ji bambanci. Duk Talata ina komawa mu tattauna da likita.

Dariyata ta farko a asibitin ce. Nas ta kama Gwaggo tana barbaɗa mini yaji a abinci, Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan miyar taku ita ma jinya take buƙata." Na yi dariya har da hawaye, Mama ta sa kuka don murna.

Yanzu malmala uku nake ci, kada ku yi mamaki in kun gan ni.

Na sake jarrabawar, na ci. An ba ni gurbin karatun lauya a jami'a, harabar Kongo! Jiya kuma likita ta ce sai bayan wata shida zan koma.

Gwaggo, Baba, Mama, likitata da nas-nas, Allah ya saka muku da Aljanna.

Iyaye, in ɗanku ya daina ci, ya janye daga mutane, ko yana rabar da abin da yake so, ku tambaye shi kai tsaye. Tambayar ba ta sa masa tunanin, hanyar magana take buɗe masa. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da duk abin da zai iya cutar da shi, ku kai shi asibiti ranar.

Ke kuma da kike karantawa kina ɓoye naki, ki gaya wa mutum ɗaya yau. In bai gane ba, ki gaya wa na biyu. Ni ma na rantse ba zan sake jin daɗin komai ba, ga shi yanzu ina gugar kayan da zan sa ranar Litinin da zan fara karatu, ina waƙa, Mama na cewa na cika mata kunne.