Ƙamshin Kaka da Tagar da Muka Toshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na daɗe da ɓacewa, har wasu suna tambaya ko na daina karatu ne, tunda ba a ƙara ganina a gardamar littattafai ba. Ban daina ba. Jinya na yi.

Ranar da abin ya fito fili da hantsi ne. Ina kishingiɗe ina karanta labari a waya, tari ya sarƙe ni, na kare bakina da gefen zane. Da na duba sai na ga jini. Na daɗe ina kallonsa, wayar na hannuna.

Bari in koma baya kaɗan.

Duk wanda ya san Gure ya san mu da turaren wuta. Kakata, Kaka Fanna ta Gamu, ita ta haɗa mini nawa da hannunta lokacin aurena, da kajiji da farce da wasu itatuwan da ba ta faɗa wa kowa sunansu. Ranar jere ta sa aka buga darduma a kan tagar ɗakin, ita ɗaya tilo, aka rataya labule biyu a ƙofa. Ta ce ɗakin amarya kwalbar humra ce, in aka bar ta buɗe ƙamshi ya tsere.

Allah Ya sani na so ɗakin nan. In maigidana ya tafi cin kasuwar Gidigir, sai in zuba garwashi a kasko, in kwanta cikin duhu-duhun nan, hayaƙi na tashi a hankali, in ji kamar ni ce yarinyar da ke cikin labarin. Shi ma abokansa tsokanarsa suke yi, wai tun daga tasha ake jin ango ya iso.

Da damina Kaka ta zo ta kwana biyu a wurina, maigida ya bar mana ɗakin. Tana tari, muka ce na tsufa ne. Tana yi mini kitso tana ba ni labarin 'yanmatancinta, wanda ya fi duk abin da na taɓa karantawa daɗi. In tarin ya matsa mata sai ta ce in ƙara turare, hayaƙi na korar ciwo. Sai in ƙara.

Bayan ta koma da 'yan watanni ni ma tarin ya fara mini. Zazzaɓi kowace yamma, zufa, abinci ya fita raina, zobena ya dinga zamewa daga yatsa. Na sha ruwan maganin tari na farmasi, na sha zuma. Ni ma na ƙara turare.

Ranar jinin nan maigida bai tsaya jin ta bakina ba, ya kai ni asibiti. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ba ni 'yar roba in tofa kaki a ciki. Sakamako ya fito, tarin fuka ne, wanda ake ce wa tibi. Aka tura mu Damagaram yin radiyo, wato hoton ƙirji. Maganin kyauta ne, amma mota da hoto da abinci sun cinye ragon da muke kiwo.

A hanya na tambayi maigida ko mutuwa zan yi. Sai kawai ya gyara mini mayafi.

Likitar da ta duba hoton ta tambaye ni abin da ban zata ba.

“Madam, ɗakinki taga nawa ne?”

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce ciwon nan a iska yake yawo, in mai shi ya yi tari a ɗaki rufe ƙwayoyin su daɗe suna shawagi. Turare ba ya kashe su, ƙirjin ma yake ƙara wahalarwa. Ta ce a kawo duk wanda ya kwana ɗakin.

Da muka dawo maigida ya ɓamɓare dardumar, ya kira magini ya fasa wata tagar a bangon da ke fuskantarta. Haske ya shigo, na ga yadda rufin ya yi baƙi ƙirin. Na yi kuka, kuma ba don ciwon ba.

Shi an gwada shi, lafiya lau. Saura Kaka. Ya je Gamu ya ɗauko ta, ta rame sosai, amma bakin na nan.

“Wato ni na kawo miki ciwo, 'yar nema? Ni da na turara ɗakin uwarki ba abin da ya same ta?”

Na ce, “Kaka, ni dai so nake ki yi wa 'yar da zan haifa kitso wata rana.”

Washegari ita ta riga ni ɗaukar mayafi, muka tafi asibiti.

Gwaji ya nuna tana da ciwon. Wata shida muka yi muna haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya kafin karin kumallo, a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida. Fitsari ya koma ja, gwiwoyi suka yi ciwo, tana mita tana sha. Gwajin ƙarshe ya nuna mun warke, mu biyun.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa maigidana da Inna mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa ware mini kwano ba, da ma'aikatan da suka bi mu har ƙarshe.

'Yan uwana mata, tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, ko na tsoho ne. A buɗe taga kullum, a shanya shimfiɗa a rana. Mai tari ya kare bakinsa. Wanda ya fara magani kada ya tsaya don ya ji sauƙi. Turare kuma a yi kaɗan, ƙofa buɗe.

Har yau ina kewar tsohon ɗakina, ba zan ɓoye muku ba. Karatu cikin haske daɗinsa daban ne.

Bayan Sallah za a yi auren ƙanwata Bintu, ni aka ba jere. Kaka har ta aiko da turare da sabuwar darduma, wai tagar Bintu ƙarama ce, ba ta da laifi. Na aika mata cewa turaren ya iso kuma za a sa. Darduma a ƙasa zan shimfiɗa ta.