Randar da Ba Ta Gumi

Daw Kyin Sein ta tsufa tana dafa mazarƙwailar giginya a ƙauyensu da ke bayan Myingyan, inda mace ke yin rabin safiya a hanyar rijiya. Amma ba da mazarƙwaila aka san ta ba. An san ta ne da randuna biyu a gindin tsamiyar ƙofar gidanta, kullum cike, moɗa na kife a kai, duk mai wucewa ya sha ya yi gaba. Da mijinta ya rasu, ɗanta Ko Zaw Lin ya kwaso ta zuwa Yangon, ya ɗora ta can ƙololuwar bene.

Gidan ba laifi, surukarta Ma Hnin Wai ma ba ta rage ta da komai ba. Amma tsohuwa ta ƙi kwance kayanta. Ta jingine su bayan ƙofa, ƙulle cikin farin zanen da ta zo da shi, ta ce kafin damina za ta koma. Wa zai hau wannan bene neman ruwan sha? Mutanen unguwar ko jarida ba sa sauka karɓa, igiya mai ƙararrawa suke zurowa daga baranda, a ɗaura musu su ja. Ɗan nata kullum ya dawo aiki sai ya saci kallon ƙunshin.

"Inna, ki je ki ga tafki mana," in ji surukar. "Ga Kandawgyi nan, ko mota ba sai kin hau ba."

"Ba ruwa ba ne? Na taɓa ganin ruwa, 'yar nan."

Ta dai fita, don ta huta da magiya. Ta bi doguwar gadar katakon da ke zagaye bakin tafkin, katakan na kuka ƙarƙashin silifas ɗinta. Ta ga ginin nan mai siffar jirgin ruwa da kawunan tsuntsaye na zinariya, ta ce ƙaryar 'yan birni ke nan, jirgin da ba ya zuwa ko'ina. Ta ga hoton hasumiyar ibada ta Shwedagon a kife cikin ruwa, ta haɗa hannuwa ta gaishe ta, sannan ta ɗaga kai ta gaida ta gaskiyar. Wurin ya burge ta, ko da yake ba za ta faɗa ba. Abin da ya ci mata rai shi ne, duk yawan ruwan nan babu mace ko ɗaya da tulu a ka.

Rana ta take, ƙishirwa ta kama ta. A bakin ƙofar fita, inda masu keken haya ke fakewa, ta hango randuna a kan katako, korra shar suna sheƙi. Ta nufe su da murna. Ta kamfata ta kurɓa, sai ta yatsine fuska.

"Wannan na sha ne ko na wankan jego?"

Wani dattijon mai keke, U Tin Shwe, ya washe jajayen haƙoransa. "Haba Iya, kyautar ma sai an kushe ta? Tsohon da ke kula da su ya rasu bara, shi ne muka yi musu fenti don girmama shi."

"Girmamawa! Kun toshe musu numfashi dai. Randar da ba ta gumi ina za ta yi sanyi? Kai in aka shafe ka da fenti a zafin nan, godiya za ka yi?"

Masu keke suka tuntsire da dariya. "To Iya," in ji U Tin Shwe, "ga fili ga mai doki."

Da yamma ta ce wa ɗanta ya kira mata ƙauye a waya. Ya miƙa mata ya fita baranda, don ba ya son ya ji ana maganar motar komawa.

Bayan 'yan kwanaki ƙararrawar igiyarsu ta kaɗa. U Tin Shwe ne a ƙasa, ya ɗauko saƙo daga tasha: jajayen randuna biyu na ƙauye, naɗe cikin karan shinkafa.

Aka girke su a ƙofar tafkin, a madadin masu fentin. Tun ranar Daw Kyin Sein ke saukowa da farar safiya, ta wanke su, masu keke su ɗebo mata ruwan famfo, sannan ta zagaya tafkinta. Tafkinta take cewa yanzu. Ta san bencin da inuwa ke riga zuwa, ta san mai shara da sunanta.

Wata rana Ko Zaw Lin ya dawo bai ga ƙunshi a bayan ƙofa ba, uwar ma ba ta nan. Ya sauko a guje har bakin tafki. Ya same ta zaune cikin masu keke tana zuba musu tsiya, farin zanen nan kuwa an yaga shi biyu, an ɗaure bakin randunan da shi don tace ruwa.

Ta miƙa masa moɗa. "Sha, ka daina haki kamar wanda kura ta koro. Na gode maka da ka kawo ni, ɗan nan. Ashe garin naku ma yana jin ƙishirwa."

Ya kafa kai. Ruwan sanyi ƙalau, da ƙamshin ƙasar gida.