Wai Yau Ba Ranar Jirgi Ba Ce



Ɗazu da hantsi na leƙa wajen Goggo, ƙanwar babana, a 'yar kasuwar da ke bakin tashar jirgin ƙasa. Shekara da shekaru a kan layin dogo take shanya barkononta, wai duwatsun wurin sun fi riƙe zafi.

Muna cikin gaisawa sai ga jirgin kaya ya tunkaro, yana ta danna hon. Kowa ya suri tirensa ya yi gefe. Goggo kuwa ta durƙusa tana tattara barkono da tsintsiya, hankali kwance.

Na ce, "Goggo, don girman Allah ki taso! Jirgi ne fa!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yau Talata, Sani. Ran Alhamis yake zuwa. Shi ya yi kuskure, sai ya jira."

Da ƙyar muka fizgo ta, ni da wata 'yar Binuwai mai sayar da doya. Jirgin ya bi ta kan shanyar, kasuwa duk ta kaure da atishawa.

Yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa, wai na ja mata asara.

Jama'a, ku gaya mini gaskiya, ni ne kuma zan je ba da haƙuri?