Dakta Mabruka Amir da Kududdufin Ɓaure

Haihuwa da Asali

An haifi Dakta Mabruka Amir a shekarar 1951 a unguwar Dala, cikin birnin Kano. Mahaifinta, Alhaji Amir Ramadan, ɗan kasuwar fata da kirgi ne, wanda kakanninsa suka keto sahara daga Gadamus suka zauna a birni tun kafin zuwan Turawa. Mahaifiyarta, Hajiya Salma, 'yar wani magini ce daga Dukawuya. A gidan wannan kaka nata Mabruka ta yi yawancin wasan ƙuruciya, a bakin wani kududdufi da ake kira Kududdufin Ɓaure. A nan ta ga abin da daga baya ya zama aikin rayuwarta: da rani magina su shiga ramin su haƙi ƙasar tubali da ta yaɓe, da damina kuma ruwan indararon unguwa duka ya gangara ya kwanta a cikinsa. Gidajen daga ramin aka fitar da su, ramin kuma shi ke hana ruwa cinye su.

Karatu

Ta fara karatun allo tana shekara biyar, ta shiga firamare a 1958, sannan ta wuce makarantar sakandare ta 'yan mata a 1965. A 1971 ta samu gurbi a jami'a a Zariya, inda ta karanta ilimin labarin ƙasa, ta kammala a 1974 da sakamako mai daraja. Malamanta sun shaide ta da hazaƙa da kuma taurin kai, domin ba ta karɓar magana sai an nuna mata hujja, halin da ya bi ta har kabari.

Aiki da Aure

Bayan hidimar ƙasa ta koyar a wata makarantar 'yan mata na tsawon shekara uku. A 1976 ta auri Malam Nasir Ɗanjuma, ma'aikacin jinya, suka zauna a Dukawuya, ba nisa da gidan kakanta. A 1978 ta koma wata cibiyar bincike da ke wajen Ƙofar Kabuga, inda aka ɗora mata nazarin ruwan sama da magudanan cikin birni. A can ta yi digiri na biyu, ta kuma sami digirin digirgir a 1990.

A waɗannan shekaru bulo da siminti suka kori ginin ƙasa. Magina suka daina shiga kududdufai, ramukan suka cushe da shara da leda, sai mutane suka soma kallonsu a matsayin matattarar sauro kawai. Waɗanda suka fi kowa saurin ganin haka kuwa su ne masu neman fili a tsakiyar birni, inda ko wurin shimfiɗa tabarma ya yi tsada. A zamanin soja aka cike da dama daga cikinsu ba tare da an tambayi kowa ba, ciki har da wani ƙarami da ke sama da Kududdufin Ɓaure.

Yadda Take Bincike

Ma'aikatan safiyo, masu awon ƙasa, da hukuma kan tura duba ɓarnar ruwa duk maza ne, kuma namiji baƙo iyakarsa soro. Sukan tsaya a waje su dubi bangon da aka shafe da siminti, su rubuta cewa gida lafiya lau. Dakta Mabruka kuwa sallama take yi ta shige har ƙuryar ɗaki, inda bangon ƙasar asali yake, ta durƙusa ta auna tabon da ruwa ya bari. Matan gida ba sa riƙe shekarun boko, amma ba wadda ke manta daminar da ta haihu ko ta aurar da 'ya. Sai ta tambaye su wa aka haifa a shekarar da ruwa ya kai nan, ta nemo shekarun yaron, ta haɗa da abin da ma'aunin ruwan sama ya nuna a wannan damina. Da haka ta tabbatar da cewa ruwan sama bai ƙaru ba. Wurin kwanciyarsa ne aka ƙwace.

A cikin wannan yawo ta haɗu da 'Yardada, wata dattijuwa mai ƙunshin lalle, wadda gidanta ne mafi gangare a lungun da ke ƙasa da Kududdufin Ɓaure. Daminar farko bayan cike ƙaramin kududdufin, ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa a daidai lokacin da 'yarta Luba ke naƙuda. Da taimakon maƙwabta aka ɗora gadon a kan turame huɗu, a nan Luba ta haihu, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta. Binciken Dakta Mabruka ya nuna a fili cewa ranar da aka cike Kududdufin Ɓaure shi ma, wannan lungu ba zai tsaya ba, kuma gidan 'Yardada ne zai fara faɗuwa.

Dawowar Mulkin Farar Hula

A 1999 soja suka koma bariki. Dakta Mabruka tana cikin waɗanda suka yi murna da gaske, domin a ganinta zamanin da za a saurari hujja ya zo. A shekarar 2000 aka ji ƙishin-ƙishin za a yanka Kududdufin Ɓaure fulotai a gina rukunin kantuna. Da surutu ya yi yawa sai aka kafa kwamitin jin bahasi, aka ba da shugabancinsa ga Alhaji Garba Ashafa, wani zaɓaɓɓen wakili mai fara'a da yawan alkawari.

A farkon 2001 ta gabatar wa kwamitin rahoto mai kauri, cike da taswirori da alƙaluman ruwan sama na shekaru masu yawa. Waɗanda suka halarci zaman sun ce tana bayani wasu wakilai na gyangyaɗi, wani kuma ya mai da taswirar maficin fifita. Da ta gama, shugaban ya yaba mata ƙwarai, sannan ya ce wannan lissafin 'yan boko ne, su kuwa mutane suka zaɓe su, kuma a duk shafukan nan bai ga mutum ko ɗaya ba.

Maganar ta yi mata ciwo, amma ta yarda akwai gaskiya a cikinta, ta kuma ɗauka da zuciya ɗaya aka faɗe ta. Ta sayi rikoda, ta koma gidajen da ta auna ɗaya bayan ɗaya, ta naɗi muryoyin matan da izininsu. Ta sake rubuta rahoton da Hausa, ta taƙaita shi, ta ajiye kowane adadi kusa da labarin gidan da aka auna shi. Wani gidan rediyo ya sanya kaset ɗin, gari ya ɗauka, har a motar haya ana zancen matar da ta haihu a kan turame.

Zama na Biyu

A 2002 kwamitin ya sake zama. Dakta Mabruka ta roƙi 'Yardada ta zo da kanta. Tsohuwar ta ƙi da farko, ta ce ita ba ta taɓa tsayawa gaban maza ta buɗe baki ba, balle a kan haihuwar 'yarta, abin da ko a gaban surukai ba a faɗa. Dakta ta yi ta lallashinta, ta ce muryarta za ta yi abin da alƙaluma suka kasa. Daga ƙarshe 'Yardada ta ce: “To 'yar nan, zan je saboda ke. Amma kunyata zan kai musu, kada su bar ni na dawo hannu biyu.”

Ta je, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ba da labarin tiryan-tiryan. An ma ga wasu wakilai suna share ido. Dakta Mabruka ta tashi ta nuna a taswira inda gidan yake, da inda ruwan zai bi. Sai Alhaji Garba Ashafa ya gyara zama, ya yi wa tsohuwar addu'a mai tsawo, sannan ya ce: “Hajiya Dakta, abin da tausayi. Sai dai gwamnati ba ta aiki da tatsuniyar mata. Hujjar ilimi muke so.”

Ta amsa masa a tsaye, ba ta ɗaga murya ba: “Ranka ya daɗe, bara na kawo hujja ka ce ba ka ga mutum ba. Ga mutum, ga hujja. Ka faɗa mana na ukun da kake so mu kawo.”

Shugaban ya dubi agogo. Ya ɗage zaman don sallar azahar, kwamitin kuma bai sake haɗuwa a bainar jama'a ba. Daga baya aka gano cewa tun kafin zaman farko an riga an raba fulotan, kuma wasu daga cikin 'yan kwamitin suna da rabo a ciki. Ashe jin bahasin duka rufa-rufa ne. An tara masana, an fito da tsohuwa daga ɗakinta ta tona sirrin 'yarta, don kawai a ce an saurari jama'a. Ko soja da aka daɗe ana tsine musu ba su yi wannan wulaƙancin ba, su cikewa kawai suke yi, ba sa sa mutum ya yi kuka a gabansu tukuna.

Da shigowar rani a ƙarshen wannan shekara tifofi suka yi ta jibge shara da ɓaraguzai a cikin ramin, aka sare ɓauren, aka ɗora harsashin gini. Dakta Mabruka ta rubuta wa duk ofishin da ta sani, aka yi kunnen uwar shegu da ita. A wurin aiki aka ja mata kunne cewa mai bincike ba ɗan siyasa ba ne. Ta yi ta roƙon 'Yardada ta koma gidan ita Dakta da zama kafin damina, tsohuwar ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, ba ta zama a gidan wani tana da nata.

Daminar 2003

A watan Agustan 2003, wata ranar Laraba da hantsi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya gangaro daga unguwa yadda ya saba, ya tarar da bangon kantuna a inda ramin yake, ya karkata ya bi lungun, daidai hanyar da aka nuna wa kwamiti a taswira. Gidaje da dama suka zube. Luba da 'ya'yanta sun samu fita, amma bangon ƙuryar ɗaki ya rufta wa 'Yardada, sai gawarta aka tono da la'asar.

Hukuma ta aiko da tabarmi da buhunan masara, ta kuma bayyana abin da cewa ƙaddara ce. Dakta Mabruka, wadda ba ta taɓa musun ƙaddara ba, ta ce a rediyo ruwan na Allah ne, amma tifofin na mutane ne, kuma an san sunayen masu su. Daga wannan rana gidan rediyon bai sake gayyatarta ba. A 2004 aka fitar da wata takardar manufa da ta hana cike kududdufai, wadda rabinta daga rahotonta aka kwafo ba tare da an ambaci sunanta ba. An kuma keɓe duk waɗanda aka riga aka raba, wato kusan dukkan masu muhimmanci.

Shekarun Ƙarshe

Ta yi ritaya a 2004. Ta ɗauki Luba da 'ya'yanta ta ba su sashe a gidanta. Iyalinta sun ce ba ta sake kunna kaset ɗin 'Yardada ba, ba ta kuma yarda a fitar da shi daga ɗakinta ba. Ɗalibai sun ci gaba da zuwa wurinta, takan koya musu su riƙa haɗa awo da labari, domin kowannensu shi kaɗai gurgu ne. Takan ƙara da cewa kafin su roƙi wani ya buɗe cikinsa a gaban masu iko, su fara bincika ko an riga an yanke hukunci.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Dakta Mabruka Amir rasuwa a watan Agustan 2006 a gidanta da ke Dukawuya, bayan jinyar hawan jini, tana da shekara hamsin da biyar. An yi ruwa da safiyar ranar, don haka masu ɗauke da makara sai da suka naɗe wanduna suka ratsa lungun, ruwa na dukan ƙwaurinsu, kafin su kai ta maƙabarta.

A wajen zaman makoki Alhaji Garba Ashafa ya zo da tawaga, ya sanar da cewa don karrama marigayiya an yanke shawarar sanya wa rukunin kantunan sunanta. Mijinta, Malam Nasir, ya ce: “Alhaji, in karramawa ce, ku sa sunan 'Yardada. Ita ta biya kuɗin wurin.” Aka shafa fatiha, tawaga ta tashi. Bayan sadakar arba'in aka kafa allon da sunan Dakta Mabruka, yana nan har yau, da tabon ruwa a ƙafafunsa.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Ruƙayya, malamar asibiti, Mubarak, injiniya, Amir, wanda ya gaji sana'ar kakansa ta fata, da auta Hafsat, malamar makaranta. Ta kuma bar jikoki shida. Dukkansu suna zaune a cikin birni, kuma babu ɗayansu da ya taɓa sayen ko allura a kantunan da ke ɗauke da sunan uwarsu. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan 'Yardada, ya sa Aljanna ce makomarsu.