Ɗankwalin Inna

Rijiyar Lemo

Gari bai gama wayewa ba na fito, da izinin maigida. Hoto ne ya fito da ni, wanda ƙanena ya gani a jarida: mahaifiyarmu Inna, ranar da 'yan bindiga suka tarwatsa garinmu a Borno, tana gudu, kai a buɗe, furfura a waje. Matar da ko baƙuwa mace ta yi sai ta gyara ɗauri. Ta rasu a sansanin gudun hijira, shi kaɗai ne hotonta da ya rage mana. An ce wanda ya ɗauka yana Sabon Gari.

Kantin Kwari

Mai adaidaita ya ce, "Hajiya, sammakon nan sari za a yi?" Na ce a'a. 'Yan dako na sauke diloli. Nan na sayi koriyar atamfar da na aika wa Inna a sallarta ta ƙarshe a gida. Na kau da kai.

Sabon Gari

Shagon mai hoton yana bayan wata coci. Oga Emeka, haihuwar unguwar, ya shekara yana bin sojoji da kyamara. Yanzu hoton fasfo yake yi. Da wata babbar mota ta yi ƙara, sai na ga ya dafe tebur.

Na nuna masa hoton, na ce, "Oga, mahaifiyata ce. Ka ɗora mata ɗankwali da kwamfuta. Duniya ta ga kanta."

"Hajiya, irin wannan hoton ba ma ƙara masa komai. Shaida ne." Ya jawo mini kujera. "Amma jarida yanke shi ta yi. Zauna ki ga cikakkensa."

Ya buɗe. Inna na riƙe da hannun wata mata mai ɗingishi, ban san ta ba. Ƙafar matar an ɗaure ta tam, jini ya ɓata ɗaurin. Koriyar atamfar nan ce.

Ya kawo mini ruwa, na kasa sha. Can ya ce, "In har yanzu kina so, akwai yara a layin nan da za su yi miki."

"Wanke mini shi haka. Kada ka yanke ƙafar."

Gida

Kafin azahar na iso, alhamdulillahi. Allah ya saka wa Oga Emeka. Maigida ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Ina suturar da kika je nema?" Na ɗora yatsa a ƙafar matar.